Ranar da Ja Ya Toshe a Injin Kawu

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ƙanin Inna ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ya cika da hantsi, a kan gadonsa, bayan kwana tara yana jinya. Da gangan na ce a kan gadonsa, domin kafin a kai shi makwanci labari ya riga ya kai bakin ruwa cewa tafki ne ya ci shi. Mutanen garinmu Wara sun kasa yarda mai hoto zai mutu a tudu kamar kowa.

An yi jama'a, ban ce ba a yi ba. Masunta sun zo, 'yan kasuwa sun zo, mutanen tsallake sun ciko jirgi biyu, har da na kan dutse waɗanda ba sallarmu ɗaya ba, suka tsaya daga gefe har aka idar. Amma shagon Kawu manne yake da zaure, duk mai shiga gida sai ya bi ta gabansa, kuma duk lokacin da na leƙo sai in ga manya da gemu suna ratsewa ta cikin kwata don kada su gifta ƙofar. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta yi addu'a mai kyau, ta yi kuka na gaskiya, sannan ta matso da bakinta ta tambaye ni ko an duba abin da injin hotonsa ya fitar na ƙarshe. Wani kuma da aka ce masa Allah ya ba da lada, sai ya ce amin, Allah ya sa abin ya bi mai shi. Na buɗe baki zan tanka, Inna ta danne mini gwiwa.

Ranar uku Babban Kawu, yayansu Inna, ya tara mu ya yanke magana. Ranar sadakar bakwai, da zarar an watse, za a ɗora injin buga hoto da kwamfutar a kwalekwale a kai su tsakiyar tafki a saki. Ya ce abin da ruwa ke so a ba ruwa, gida ya huta. Cikin kwamfutar nan kuwa akwai fuskar kusan duk wanda ya taɓa neman fasfo a wannan gaɓa, masu rai da matattu, kuma da yawansu ba su da wani hoto a duniya sai wannan. Ga kuma sunan Kawu. In aka nutsar da injin, mu da kanmu mun sa hannu ke nan cewa mugun abu ya ajiye a gida.

Kawu tsohon mai hoto ne tun zamanin da ake aika fim Yelwa a wanko, a yi mako biyu ana jira. Shi ya fara kawo injin tawada garinmu, amma bakin mutane bai canza ba, har gobe cewa suke a wanke musu hoto. Kalmar nan tana ƙona masa rai. Yakan ce nan ba a wanke komai, tofi ake yi. Yatsunsa kullum launi huɗu ne, alwala ba ta fitar da su, har abokan wasansa ke cewa ranar tashin ƙiyama ba sai an tambaye shi sana'arsa ba. Injin yana lulluɓe da wani tsohon zanen Inna, kuma ko sarki ne kai ba ka ajiye kofin ruwa a teburin nan.

Da na gama makarantar koyon aikin jinya ina zaman jiran aiki, shagon ya zama wurin zamana, a nan ya koya mini. Ya ɗaga murfi ya nuna mini kan injin, ɗan akwati ne da bel ke ja bisa wani ƙarfe, ya tafi dama ya dawo hagu, takarda kuma tana matsawa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashinsa. Kan ba ya taɓa takardar ko sau ɗaya. A ƙasansa akwai ƙananan huji da suka fi silin gashi siranta, kowanne yana tofa ɗigon tawada daidai inda kwamfuta ta ce. Ya ce a wasu injinan zafi ne ke tafasa tawadar ta yi kumfa ta tunkuɗo ɗigon, a irin nasa kuma wani ɗan abu ne da ke lanƙwashewa in lantarki ta taɓa shi, sai ya matso ɗigon waje. Tankuna huɗu ne a gefe, da 'yan siraran tiyo zuwa kan: baƙi, da shuɗi, da rawaya, da wani ja da yake kira zoɓo. Na ce to ina ruwan ƙasa, ina launin fatar mutum? Sai ya miƙo mini gilashin masu gyaran agogo ya ce in duba kumatun wani ango. Babu kumatu, sai ɗigo kusa da ɗigo, ja nan, shuɗi nan, rawaya nan.

"Inji ɗigo kaɗai ya sani, ɗiyata," in ji shi. "Idonki ne ke haɗa fuska."

Ya kuma gaya mini rauninsa guda biyu. Tawadar 'yar ruwa ce, in ta jiƙe narkewa take. In kuma aka bar injin ba aiki, sai ta bushe a bakin huji ta toshe shi. Yakan ce ita ma zumuncinta a ƙafa yake. In launi ɗaya ya toshe, sauran ukun ba su fasa tofinsu, sai hoto ya fito da gurguwar kala. Magani shi ne a sa injin ya wanke kansa, ya zuƙo tawada da ƙarfi ta cikin hujin har hanya ta buɗe, sannan a buga takardar gwaji, wadda ke fitowa da layuka kamar matakala, launi-launi. Inda matakala ta yanke, nan toshiyar take.

Abin da ya ɓata masa suna ya faru ne wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, ina shagon. Mata shida suka zo daga wani ƙauyen tsallake neman fasfo, za a rubuta su a ƙungiyar manoma don samun taki. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a takarda, ya danna. Ashe ja ya toshe. Shuɗi da rawaya in suka haɗu babu ja, kore suke bayarwa, sai ga fuska shida sun fito kore shar, babu jini a cikinsu ko kaɗan. Matan suka yi ta dariya suna nuna juna. Kawu ya ce su ba shi ɗan lokaci ya wanke kan injin, amma hadari ya haɗo, mai jirgi yana ta kira daga bakin ruwa. Biyar suka ce ai takin ba fuska zai duba ba, suka karɓa suka ƙulle a haɓar zane. Ta shidan, wata doguwa mai taurin kai, ta zauna daram a benci ta ce ita ba ta kai wa hukuma wagga fuska, ko da za ta kwana Wara. Aka wanke kai sau biyu, aka buga nata, ya fito tas. Kafin ta isa bakin ruwa jirgi ya tashi, tana tsaye tana zagin mai jirgin.

Jirgin bai isa ba. Iska ta kaɗa shi kan ɗaya daga cikin kututturan nan da ke tsaye a ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi, ya tsage. Sai bayan kwana uku masunta suka tsamo matan, kuma wanda ya taɓa ganin wanda ya kwana uku a ruwa ya san launin da nake nufi, ba sai na faɗa ba. Da masu wanka suka kwance haɓar zannuwan, sai ga 'yan takardu farare fat, babu fuska, sai ɗan dishi-dishin tabo a gefe. Ruwa ya wanke hoton, aka ce. Kalmar da Kawu ya tsana ita ta zagaye gaɓa.

Daga nan mutane suka haɗa biyu da biyu. Waɗanda suka fito kore ruwa ya ɗauke su, wadda ta fito da jininta tana nan tana yawo. Kawu ya yi bayani har muryarsa ta dushe, a masallaci, a tashar jirgi, a majalisar masu shayi. Ya ce ba injin ya zaɓe ta ba, zaman da ta yi ne ya sa jirgi ya bar ta. Ya ce takardar ta yi fari ne don tawada 'yar ruwa ce, kowa ya kawo hotonsa ya tsoma a kwano ya gani. Ba wanda ya kawo. Suna gyaɗa kai su ce haka ne, Malam, sannan su hau mota zuwa Yelwa su yi fasfonsu a can. Waɗanda dole ta kawo su wurinsa kuwa sukan juya wa injin baya har sai ya ce ya fito lafiya.

Abin da ya yi bayan haka ba a cika faɗa ba, ni zan faɗa. Ya sake buga matan nan biyar da cikakken launinsu, manya, ya rufe kowanne da leda don kada ruwa ya sake taɓa su, ya shiga jirgi da kansa ya kai wa danginsu. Mijin ɗaya ya biyo shi da fartanya har bakin ƙauye. Uwar wata kuma, tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai, ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta shiga ɗaki ta fito masa da ƙwai uku. Ya kawo su gida a cikin hularsa, bai bari an dafa ba har suka lalace. Bayan shekara mai fartanya ya aiko ƙaninsa ya karɓi hoton, Kawu bai ce masa komai ba sai sannu da hanya.

Tun daga wannan damina ya ɗauki wata al'ada. Kullum da safe, bayan ya dawo daga masallaci, yakan shiga shago shi kaɗai ya buga takarda ɗaya, ya duba, ya jefa a durowa ya kulle. In na tambaya sai ya ce gwaji ne, don kada ja ya sake kwana a toshe. Na yarda, don abin da ya koya mini ke nan, har ina alfahari da shi a gaban masu camfi.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi, amma babba ne. An kira ni ganawar ɗaukar aiki a wani asibitin tsallake, ranar da na shekara biyu ina jira. Takarduna na makaranta suna shagonsa, na ba shi ya yi mini kwafi. Da safe na shirya na fito, sai na tarar da kwaɗo a ƙofa, Kawu ya tafi gona da makulli, mutumin da bai taɓa zuwa gona ranar kasuwa ba. Na aika, na bi da kaina, ban same shi ba sai da jirgi ya tashi. Ya dawo yana tauna goro ya ce mantuwa ce. Allah ya yafe mini abin da na gaya masa a tsakar gida ranar, har da cewa baƙin ciki yake yi kada in bar masa shago. Bai ɗaga kai ba. Da yamma aka ce jirgin ya isa lafiya lau, na je na tsaya a kansa na gaya masa da gatse.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ai ba ki ciki."

Na ɗauka baƙar magana ce. Wata huɗu ban gaishe shi ba sai dai in wuce, aikin kuma sai da wata shekara ta zagayo na samu. Tun daga nan nake haye tafkin nan kusan kowane mako.

To, ranar bakwai ta zo. An yi addu'a, an raba waina, kwalekwale yana jira a bakin ruwa. Na tsaya gaban Babban Kawu, abin da ban taɓa yi ba, na ce ƙaninsa bai ajiye komai ba sai inji, kuma bai taɓa yarda da wannan zance ba ko na rana ɗaya. Na ce shaida tana cikin durowa, takardun gwaji na shekaru, layuka ne kawai, in ya ba ni makulli zan kawo kowa ya gani. Ya dube ni ya dubi Inna, sannan ya jefo mini makullan ya ce kafin la'asar.

Na shiga shagon da rana tsaka, na tura ƙofa. Zanen Inna yana kan injin yadda ya bar shi. Na buɗe durowa. Takardun gwajin suna nan, amma kaɗan ne, daga sama. Ƙarƙashinsu fuskoki ne. Ga Inna, ga Babban Kawu da kansa, ga 'ya'yan gidanmu, ga ni, ga ni, ga ni, na fi kowa yawa, hoto ɗaya ne ake ta maimaitawa. A bayan kowanne akwai rubutunsa na ajami, kalma biyu: ta isa, ya isa. Ashe duk ranar da wani namu zai hau ruwa, sai ya buga fuskarsa tun da safe ya duba, in labari ya zo da yamma ya rubuta. Can ƙasa, a naɗe cikin wata takarda, na sami guda ɗaya kore. Ni ce. Na juya bayanta, ba a rubuta ta isa ba. An rubuta: na hana ta.

Na zauna a ƙasa. Mutumin da ya nuna mini ɗigo da gilashi, wanda ya san ja toshewa kawai yake yi, wanda zai iya wanke kai ya sake bugawa cikin ɗan lokaci, shi ne ya kulle shago ya gudu gona ya bar ni in zage shi. Tsoro ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi tsoron, kunyar bakina ta fi su duka. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Sannan na yi abin da nake roƙon Babban Kawu ya yafe mini in an karanta masa wannan. Na kwashe fuskokin na cusa a jakata, na bar takardun gwaji kaɗai, na buɗe ƙofa na ce a shigo. Mutum biyar suka iya shiga, sauran suka tsaya daga waje, cikinsu har da doguwar matar nan ta tsallake, ta tsufa amma taurin kan yana nan. Na tayar da janareto na kunna injin. Kwana goma sha shida bai yi tofi ba, na san abin da zai fito, na kuma faɗa musu tun kafin ya fito. Na buga gwaji, matakalar ja ta fito a yayyanke. Na buga hoton Kawu, ya fito kore, aka ja da baya ana salati. Na ce ba wanda zai fita. Na sa injin ya wanke kansa, yana gurnani, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ina nuna musu matakalar tana cikowa. A karo na huɗu Kawu ya fito da jininsa, da hularsa a karkace, da jan goro a leɓe.

Matar tsallake ta matso bakin ƙofa ta nuna kwamfutar. Ta ce ƙanwarta tana cikin akwatin can tare da sauran huɗun, ruwa ya ci su sau ɗaya, wanda zai ba shi su karo na biyu sai ya fara jefa ta. Babban Kawu ya daɗe yana kallon hoton ƙaninsa, ya sa shi a aljihu. Ya ce a sallami mai kwalekwale, amma injin ba zai sake kwana a gidan nan ba, wadda ta tsaya masa ta ɗauka. Na ɗauka, yana ɗakina yanzu, kuma duk wanda ke da mamaci a cikin kwamfutar ya zo, zan buga masa in rufe da leda.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa tsoron da ya ɗauka shi kaɗai saboda mu ya zame masa aminci a inda ya tafi. Ya yafe masa rauninsa, ya yafe mini harshena.

Na ɗauka ni kaɗai na san abin da ke cikin durowar. Bayan arba'in Inna ta zo wurina, za ta haye zuwa gaisuwar wata ƙawarta. Da safe ta shirya, ta ɗaura mayafi, sai ta tsaya a ƙofar ɗakin da injin yake ta ƙi gaba. Na ce Inna jirgi fa ba ya jira. Ta ce ta sani, ba tare da ta dube ni ba.

"Shi yakan duba mani kahin in tahi," ta ce. "Ki buga ni."

Na ce Inna, launi huɗu ne, huji ne da tawada, a gabanki na nuna wa kowa. Ta ce ta gani, ta kuma yarda. Ba ta motsa ba. Na yaye zanen, na nemo fuskarta, na sa takarda. Kwana ɗaya kafin nan na buga gwaji, ja yana fita lafiya, na san haka sarai. Na danna, kan ya fara tafiya dama da hagu, takarda tana matsowa kaɗan-kaɗan, sai na ga ni ma na juya masa baya.